Ƙafar Jatau Mai Taku

A Tungar Hamma, wani ƙauye da ke gefen hanyar Mafara zuwa Bakura, da ƙafar mutum ɗaya ake auna gona. Sunansa Jatau, amma ko matarsa Hindu, idan za ta ambace shi a gaban mutane, Mai Taku take cewa. Idan maƙwabta suka yi saɓani kan iyaka, ko magada suka zo rabon gonar ubansu, Magaji Falalu, wanda ke riƙe da garin, ba ya doguwar magana. Sai ya ce a kira Jatau.

Aikin gado ne, kuma yana da ƙa'ida. Jatau zai yi alwala, ya dafa Alƙur'ani a zauren Magaji, ya rantse ba zai ƙara wa kowa ba, ba zai rage wa kowa ba. Sannan ya tafi bakin tsohuwar rijiyar bayan gari, ya daidaita fuskarsa da wani dutse da ake hangowa ta wajen Maradun, ya kama tafiya. Duk taku goma sai ya ja ƙwayar tasbaha ɗaya. Gonaki arba'in da shida ke garin, kuma kowace tana kansa: taku nawa daga rijiya zuwa kusurwarta, nawa a tsaye, nawa a kwance. Inda ya tsaya ya ce "nan", idan aka haƙa kamu biyu sai a tarar da tsohon tulu cike da gawayi, wanda kakanni suka binne. Tasa gonar ita yake takawa a ƙarshe, don kada a ce ya fara da kansa.

Takun nasa kuwa ba irin na kowa ba ne. Tun yana saurayi yake wuni a tsaye a bakin jigo cikin fadama, yana ɗebo ruwa yana ba albasa. Kafin ya kai shekara talatin, jijiyoyin ƙafarsa ta hagu sun fito sun murɗe a bayan ƙwauri, kamar an cusa igiya a ƙarƙashin fata. Ƙafar ta kumbura ta yi nauyi. Don haka yakan jefa ta dama cikakken taku, ya jawo ta hagu rabi. Da mahaifinsa ya rasu, da wannan tafiyar ya sake taka gonakin duka ya haddace su, kuma da ita ya yi wa garin aiki shekara ashirin da biyu.

Gajere, taubashinsa, wanda gonarsa ke jikin tasa, ba ya kiransa da komai sai Ja-ƙahwa.

"Ja-ƙahwa, in dai kai ka auna muna, har a tashi duniya ba mu gama rabo ba."

"To taho kai ka auna, ɗan guntu," in ji Jatau. "Da takunka ko makewayi sai ya yi taku ɗari."

Wata Talata, a kasuwar Mafara, wani wanzami ya duba ƙafar ya ce mataccen jini ne ya taru, a tsaga a fitar. Ya sa aska ɗan sama da idon sawu. Jini ya yi tsartuwa kamar an huda salka, bai tsaya ba sai da aka kwantar da Jatau aka ɗaga ƙafar bisa buhu. Wurin bai ƙara rufewa ba. Ya zama gyambo, faɗin tafin hannu, kullum yana tsatsar ruwa. An sa zuma, an sa toka, an sa garin saiwa iri-iri. Shekara bakwai Jatau bai wanke wannan ƙafar a alwala ba, sai dai ya shafa bisa tsumma. Ba wanda ya ce masa komai game da warin, amma shi da kansa ya bar sahun gaba a masallaci, ya koma ƙarshen sahun baya, kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa.

Ana cikin haka aka tare kogi a Bakolori, aka gina dam. Aka ce za a baje ƙasa, a gina hanyoyin ruwa na siminti, sannan a mayar wa kowa gonarsa ya riƙa noma rani da damina. Katafiloli suka iso Tungar Hamma. Cikin kwana tara babu kuka, babu tsamiya, babu gambar da ke raba gona da gona. Daga bayan gari har iyakar ganin ido, jan fili ne shimfiɗe kamar faranti. Rijiyar kaɗai suka bari, don masu tuƙa su ma a cikinta suke sha.

Damina uku ba a yi shuka ba. Aka cinye iri, aka sayar da awaki, samari suka watse. A gidan Jatau, Hindu tana dafa tafasa da ɗan ƙuli, su ci sau ɗaya a wuni. Shi kuwa rashin abinci ya ƙara wa gyambon baki, har ya zamana daga gida zuwa masallaci sai ya zauna sau biyu.

Sai labari ya zo cewa safiyo, mai awon ƙasa na gwamnati, zai zo ya rubuta wa kowa wurinsa. Magaji Falalu ya taka da kansa har gidan Jatau, abin da bai taɓa yi ba. Bayan doguwar gaisuwa ya dubi ƙafar, ƙudaje na bin tsumman.

"Jatau, mu ba mu da takarda. Kai muka da. In ba ka taka hilin nan ba, yanka juna za mu yi bisa shi."

"Allah shi ba ka nasara, ka dai ga ƙahwar."

"Na gani. Gusau za mu kai ka, a gyara ta."

Aka ɗora shi a motar shanu, Hindu na riƙe da ƙafar a cinyarta, har wani asibiti a Gusau. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, sai wani malamin asibiti, mutumin Ƙaura, ke fassara. Likita ya kwantar da shi, ya ɗaga ƙafar sama ya shafe ta, jijiyoyin suka sace. Ya ɗaure masa roba a saman cinya ya ce ya miƙe. Jatau ya miƙe, ya duba: ƙwaurin sumul kamar na yaro. Likita ya kwance robar. Nan take, yana kallo, igiyoyin suka cika daga sama zuwa ƙasa, suka koma yadda suke.

"Baba," in ji malamin, "ka ga ƙohohin ruwa da anka sa a hanyoyin ruwan dam?"

"Na gan su. Ɗaya ma bisa gonata take, in ban ɓata ba."

"To jijiyar jini ma tana da nata, 'yan ƙanana. Jini in ya hau sama sai su ruhe, kada shi komo. Naka sun saki. Jinin ya hau, ya gangaro, ya kwanta a idon sawu. Shi ya hana ciwon nan warkewa."

"Ba mataccen jini ba na?"

"Da ranshi, Baba. Hanya ta ɓace mai."

Aka yi masa aiki ranar wata Laraba. Aka yanka inda cinya ta haɗu da mara, aka ɗaure bakin jijiyar da ta saki, aka zura siririyar waya a cikinta har ƙasa, aka zare ta gaba ɗaya. Da ya farka, malamin ya nuna masa ita a cikin tasa, doguwa, fara-fara, kamar hanjin kaza. Jatau ya daɗe yana kallon abin da ya ja shekara talatin.

Ranar sallama likita ya naɗe ƙafar da bandeji mai tauri daga yatsu har gwiwa, ya yi magana a hankali, yana ɗaga yatsa. Malamin ya ce, "Ka ji da kyau, Baba. Akwai wasu jijiyoyi can ciki, jikin ƙashi. Su ma ƙohohinsu sun gaji, amma su ba a cire su, don su kaɗai sunka rage maka. Bandejin ga shi ka riƙe su. Ka yi tahiya, tahiya magani ta. Amma ban da tsayuwa wuri guda, in ka zauna ka ɗaga ƙahwa. In wurin ga ya sake buɗewa, babu sauran abin da za a ɗaure."

Kwana arba'in da komawarsu gida, gyambon ya rufe. Wata sabuwar fata ta shimfiɗu a kai, siririya kamar ɓawon albasa. Ran nan da azahar Jatau ya zauna a bakin randa, ya kwance bandejin, ya zuba ruwa a ƙafarsa ta hagu, ya cuɗa tsakanin yatsu, ya sake zubawa, ya sake, har Hindu ta ce, "Malam, sau ukku anka ce, ba tulu ukku ba." Ya yi dariya, hawaye na sauka a gemunsa. Ya naɗe ƙafar, ya tafi masallaci bai zauna ko sau ɗaya ba, ya shiga sahun gaba.

Gajere ya bi shi da kallo a hanyar dawowa. "Kai, wanga mutum tahiya shikai kamar ɗan doka. Yanzu mi zan kira ka?"

Safiyo ya zo ranar wata Asabar, farkon shekarar 1980, da taswira a naɗe a hammata. Ya yi magana a taƙaice. Abin da garin ya yarda da shi baki ɗaya, shi zai rubuta. Inda aka yi gardama zai bar wurin babu suna, ya koma hannun masu aikin. Zai dawo Litinin ta sama.

A ranar, bayan azahar, Jatau ya yi alwala ya rantse, garin duka ya biyo shi bakin rijiya. Aka fara da gonar Inno, wata tsohuwa da mijinta ya rasu ya bar mata jikoki biyar. Taku ɗari huɗu da goma sha biyu. Ya taka su da ƙarfinsa, ya tsaya ya ce, "Nan." Aka haƙa kamu biyu, aka haƙa uku. Babu tulu. Aka ce wataƙila katafila ta kwashe, don an san a tudu ta kankare ƙasa, a kwari kuma ta binne. Ya taka kusurwa ta biyu. Babu. Ta uku. Babu.

Wani mai zafin kai da ake kira Labaran ya dubi rijiya, ya dubi inda Jatau ke tsaye, ya ce, "Wallahi nan tsakiyar gonata ta! An sai da ni, ko mi?" Wani ya mayar masa, wani ya ɗaga fartanya. Da ƙyar Magaji ya raba su.

Jatau bai koma gida ba. Ya tafi ƙofar masallaci, domin daga nan zuwa rijiya taku ɗari uku da arba'in ne, ya san wannan kamar sunansa. Ya taka. Ya isa bakin rijiya a ɗari biyu da casa'in da ɗaya. Ya koma ya sake. Haka dai. Sai ya zauna a kan dutsen rijiyar. An gyara ƙafar, ita kuma ta tafi da awon gari.

Lahadi da Litinin ya wuni tsakanin masallaci da rijiya. Ya gwada rage takun da gangan: ya samu ɗari uku da goma, ya sake ya samu ɗari uku da hamsin da biyu, ya sake ya samu wani abu dabam. Ya sa tsakuwa a takalmi, ta huda masa tafin ƙafa a banza. Ya ɗaura ƙunshin yashi a ƙwauri, bai kai ba. Tsohuwar tafiyar ba kwaikwayo ba ce, nauyin ƙafar ne da zafinta ke yin ta, shi bin ta kawai yake yi. Mutane na wucewa suna gaishe shi, ba mai tambayar komai, amma yana ganin idanunsu na sauka a kan bandejin. Inno ta zo ta tsuguna nesa kaɗan, can ta tashi ta tafi.

Ranar Talata da hantsi, maza duk sun tafi kasuwar Mafara, Jatau ya zauna a tsakar gida ya fara warware bandejin. Hindu na tankaɗe, ta ajiye rariya.

"Malam, ba lokacin alwala ba na."

Ya nannaɗe bandejin ya ɗora bisa turmi.

"Malam, mi kake yi?"

"Rijiya zan tahi in taya matan gari ɗibar ruwa."

Ta gane. Ta sha gabansa, ta durƙusa ta kama ƙafar da hannu biyu. "Ka ji abin da likita ya ce. Ina wurin. Babu sauran abin ɗaurewa, haka ya ce. Shekara bakwai ina wanke tsumma, Malam. Ban taɓa yi maka ƙorahi ba, amma ba ni iya komawa. Don Allah, don Annabi."

"Hindu, gida arba'in da shidda. In Litinin ta zo ban taka ba, ina za su?"

"Su tahi inda za su! Su sunka haihe ka?"

"Don wanga aiki sunka kai ni Gusau."

"To gyara ta sunka yi, ko aro?"

Ya zare ƙafarsa daga hannunta a hankali, ya fita.

Kwana uku ya yi a tsaye a bakin rijiya, daga hantsi zuwa la'asar, yana jan guga yana cika wa mata tuluna, ba ya gusawa ko taku ɗaya sai lokacin salla. Ran farko ƙafar ta yi tsami. Rana ta biyu ta cika har yatsun suka rabu da juna. Rana ta uku ta yi ƙyalli, sabuwar fatar ta yi baƙi-baƙi, ta miƙe kamar fatar ganga. Duk garin an san abin da yake yi. Ba wanda ya ce ya yi, ba kuma wanda ya ce ya bari. Gajere ne kaɗai ya zo ya fizge gugan, Jatau ya karɓe abinsa.

Ranar Juma'a da safe ya taka daga masallaci zuwa rijiya. Ta dama cikakke, ta hagu rabi. Ɗari uku da arba'in cif.

Hindu na biye da shi daga nesa. Inda ya ratsa laka a gefen rijiya, sawunsa ya fito sarai. Ta tsuguna da igiyar rama, ta auna daga sawu zuwa sawu, ta ƙulla, ta sake aunawa ta ƙulla, har ta sami tsawon taku goma. Bayan la'asar, maza na zaune a zauren Magaji, ta tsaya daga waje, Inno ta shiga da igiyar, don ita tsohuwa ce, tana iya magana a gaban maza.

"Magaji, Allah shi ja zamaninka. Ga igiya, Hindu ta ƙulla ta daidai takun mijinta. Shi hau jaki shi hwaɗi lissahi, a ja igiya. A bar mai ƙahwarshi. Ni da gonata ta hwarko, na yarda."

Labaran ne ya fara magana.

"Igiya? Da igiya baƙin nan sunka auna mu kahin su kwashe mu. Igiya ta san alwala? Tana dahwa Alƙur'ani?"

"Kuma wa za ya riƙe bakinta?" in ji wani daga lungu. "Duk wanda ya riƙe, wajen gonarshi za ya ja."

"Ta jiƙe ta ƙanƙance, ta bushe ta miƙe. Ni ban yarda ba."

Magaji ya juya wajen Jatau. "Mai Taku, kai mi ka gani?"

Jatau ya dubi igiyar a hannun Inno. Ya san daidai take, ya ga ƙullin. Ya so ya ce a gwada ta ko da a gona ɗaya. Amma ya dubi fuskokin mutanen, ramammu, kowa na harare da na kusa da shi, ya tuna safiyo ya ce gardama ɗaya ta isa. Ya ji muryar Hindu a waje tana cewa, ƙasa-ƙasa, "Malam. Malam."

"In na rantse," in ji shi, "ni ka takawa."

Asabar da sassafe aka fara. A kusurwar gonar Inno ya ce, "Nan." Fartanya ta uku ta bugi wani abu, aka tone da hannu, sai ga bakin tulu, gawayi na zuba. Aka ɗauki kabbara, Inno ta zauna a ƙasa tana kuka. Daga nan ba wanda ya ƙara musu, ko inda ba a sami tulu ba. Yana takawa, ana kafa turke a bayansa. Kowace gona sai an mayar da shi rijiya bisa jaki ya faro daga can, don haka ƙa'idar take. Ya yi goma sha tara a ranar. Wajen la'asar Hindu ta ga sawunsa na hagu ya fara barin danshi a ƙasa.

Lahadi fatar ta buɗe. Ba ta tsage a hankali ba, ta saɓule ne gaba ɗaya, ruwa da jini na gangarowa cikin takalmi. Ya cire takalmin, sai ya tuna da takalmi ya haddace gonakin, ya mayar. Hindu ta miƙo bandeji, ya ce a'a, zai canza nauyin. Yana ƙirgawa da ƙarfi yanzu, don kada zafi ya ɓatar masa da lissafi, mutane na amsawa a bayansa kamar masu bin liman. Goma sha bakwai.

Litinin safiyo ya zo, ya zauna a inuwar motarsa yana rubuta sunaye bisa turakun. Saura goma. Jatau ya taka biyar. A ta shida, ya kai taku ɗari da tamanin, ƙafar ta ƙi tasowa. Ya ja, ta ƙi. Ya tsaya yana kallon ta kamar ta wani, sannan ya kife. Aka ɗauke shi zuwa gindin rijiya, Hindu ta ɗaga ƙafar bisa kafaɗarta, jini na bin zanenta. Jikinsa ya yi zafi kamar garwashi. Saura gona biyar: ta Labaran, ta Gajere, wasu biyu, da tasa.

Safiyo ya dubi agogo ya ce da la'asar zai wuce Bakura.

Sai Gajere ya je wajen Hindu, ya tsuguna. "Ina igiyar nan?" Tana ɗaure a ƙugunta. Ya karɓa ya miƙe, ya dubi taron, idanunsa jawur. "Akwai mai magana?"

Babu. Labaran, wanda gonarsa ke cikin biyar ɗin, shi ya zo ya kama ɗaya bakin. Gajere ya sunkuya a kan Jatau. "Ja-ƙahwa, hwaɗi. Ta Labaran nawa?" Jatau ya faɗa, idonsa a rufe. Suka ja igiya, suka kafa tsinke, suka sake ja. Kafin a kira la'asar sun gama duka biyar. A kusurwar gonar Jatau, kusa da ƙofar ruwan siminti, inda ƙullin ƙarshe ya faɗi, wani ya sa fartanya don kawai a gani. Kamu ɗaya da rabi, sai ga tulu.

Aka tsaya ana kallon gawayin. Wannan karon ba a yi kabbara ba. Wasu suka dubi igiyar, wasu suka dubi inda Hindu ke zaune da ƙafar mijinta a kafaɗa, sannan kowa ya sami abin da zai kalla a ƙasa.

An rubuta gonaki arba'in da shida, babu wadda aka bari babu suna. Bayan mako guda aka mayar da Jatau Gusau. Likita ya kwance tsumman, ya daɗe yana kallo. Ciwon ya zagaye idon sawu kamar munduwa. Ya tambayi abin da ya faru, malamin ya fassara masa, ya sa aka maimaita. Bai yi faɗa ba. Ya wanke wurin da kansa, ya ba da magani da bandeji, ya faɗi wata gajeruwar magana. Jatau bai jira fassara ba.

"Na sani," in ji shi. "Babu sauran abin ɗaurewa."

Gonar ta dawo hannunsa, amma bai ƙara tsayawa a cikinta ba. Gajere ya ce shi zai nome masa ita, har ya fara sharar ta. A watan huɗu na shekarar Gajere ya bi manoman da suka tare hanyar dam a Birnin Tudu suna neman haƙƙinsu, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, bai dawo ba, kuma har yau ba a san inda aka binne shi ba. Hindu ce ke fita da fartanya yanzu, ta dawo ta wanke tsumma.

Jatau yana nan da rai, shekarunsa ba su wuce hamsin da biyar ba. Yana wuni a ƙofar gida, ƙafar bisa kifaffen turmi, yana korar ƙudaje da mafici. Idan jiki ya yarda, yakan dogara sanda ya je masallaci, ya zauna a ƙarshen sahun baya, kusa da ƙofa. Igiyar tana rataye a zauren Magaji, kuma da ita ake awo. Idan gardamar iyaka ta tashi, Magaji yakan ce, "A ɗauko ƙahwar Jatau." Masu ɗaukowa ta gaban gidansa suke wucewa, don nan ce hanyar rijiya. Wasu sukan tsaya su gaishe shi. Wasu kuma sukan mayar da igiyar ɗaya hannun, su ƙara sauri.